Ƙugiyar sabulun Inna

Shekarar da aka karya darajar kuɗi, sabulun kanti ya fi ƙarfin mutanen Madarunfa, sai gari ya tuna da mahaifiyata. Inna ta daɗe tana yin sabulu, tun ban yi wayo ba. Takan ƙona karan gero ta tace tokar, ta haɗa ruwan da man gyaɗa a babbar tukunya, ta tsaya a kansa da muciya har kafaɗunta su sage. A da maƙwabta kaɗai ke saye, su ma sai in na kanti ya yanke musu. A shekarar nan kuwa har daga Safo da Gabi ake zuwa da amalanke. Mata takwas na unguwarmu suka haɗu suka yi ƙungiya. Ƙanwar babana, wadda muke kira Gwaggo, ta zama shugaba saboda bakinta, Inna kuma ita ce mai tukunya.

Ni a lokacin ina lise, wato babbar sakandare, a Maraɗi, ina zaune a gidan wani ɗan'uwan Baba, ba na zuwa gida sai hutu. Ni ce ta fari wurin Inna, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, ko "ɗiyar lakwal", wato 'yar makarantar boko, in tana cikin raha. A duk danginmu babu macen da ta kai inda na kai a karatu, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba. Abin da na fi taƙama da shi rubutun hannuna ne. Tun ina ƙaramin aji mushe, malamin ajinmu, yakan ɗaga littafina ya nuna wa yara yadda ake jan harafi, mai ciki da wutsiya, kowane a haɗe da na gabansa. Shekara goma sha ɗaya ina lakwal, ba a taɓa sa ni na rubuta kalma ɗaya ta Hausa ba. Yin Hausar ma a cikin aji laifi ne. In zan aika wa ƙawa wasiƙa da Hausa, sai in ari haruffan Faransanci in jera yadda kunnena ya ji. Na ɗauka iyakar abin ke nan, Hausa ba ta da wata ƙa'ida, kowa ya rubuta yadda ya ga dama.

Abin da ban sani ba, Inna ta yi rani biyu tana zuwa yaƙi da jahilci. Bayan an gama girbi, da la'asar, ita da matan ƙungiya sukan taru a wata rumfar zana, wani dattijon malami yana koya musu rubutun Hausa. Ba ta taɓa gaya mini ba. Daga baya na gane ɓoyewa take, tana jiran hannunta ya faɗa sannan ta nuna mini.

Da hannun ya fara faɗawa, a kan sabulu ta gwada shi. Takan samo buhun siminti ta ɓare takardar ciki mai tsabta, ta yanka ta ƙanana, ta rubuta layi biyu da shuɗin biro, ta naɗe kowane sabulu da guda. A sama SABULUN MADARUNFA, a ƙasa BA SHI ƘAREWA. Layi na biyun ba ita ta ƙirƙira ba. Wata Hajiya ce da ke sari tana kaiwa Ɗan Issa ta taɓa cewa sabulun nan ka yi ta wanki ba shi ƙarewa, maganar ta yi wa Inna daɗi ta riƙe. Haruffanta manya ne, a rarrabe, wasu sun jingina hagu wasu dama. Tana danna biro da ƙarfi har in ka juya takardar kana jin rubutun da yatsa. Masu saye da yawa ba su iya karatu ba, amma sun san shi da ido, kamar yadda ake sanin akuyar gida daga nesa. Sai su ce a ba su mai rubutun nan.

Na zo babban hutu, ruwa ya fara sauka. Kwana biyu da zuwana matan suka taru a tsakar gidanmu da hantsi. Wasu ma'aikatan furoje, wato shirin tallafi, da ke taimakon ƙungiyoyin mata sun ce za a yi baje kolin kayan hannu a Maraɗi, sun ba su wuri. Sabulun da za a kai yana da yawa, Inna ba za ta iya rubuta wa kowane takardarsa ba. Shawarar da aka yanke ita ce ta rubuta guda ɗaya mai kyau, a kai Maraɗi a buga a injin fotokofi, ya zama shi ne tambarin ƙungiya daga ranar. Duk cikinsu babu wadda ta yi musu a kan hannun da za a ɗauka.

Ta rubuta, ta ɓata uku kafin ta yarda da ta huɗu. Ina ɗaki ina jin su. Sai Gwaggo ta ɗaga murya ta ce, "Ku kira ɗiyar lakwal ta gani. Ke, hito ki ga abin da uwarki ta iya."

Na fito. Inna ba ta kalle ni ba, tana gyara bakin zanenta, amma na ga murmushin da take dannewa. Gwaggo ta miƙo mini takardar da hannu biyu.

Da ma a ce na yi shiru. Na duba, na ga layi a karkace, na ga "u" inda na saba ganin "ou" a allon bakin hanya, na ga "shi" da aka rubuta yadda ban taɓa gani ba. Sannan idona ya sauka a kan harafin farko na kalmar ƙarshe. K ne, amma an lanƙwasa masa kai, an yi masa wata 'yar ƙugiya a sama. Dariya ta kufce mini. Ba ta mugunta ba ce da farko, amma da na ga idanun matan duka a kaina, sai na ji daɗin kallon, na ƙara.

Na ce, "Inna, wanga ƙaho hwa? K ɗin naki rago ne?"

Wasu suka yi dariya, don an saba in ɗan boko ya yi dariya a taya shi. Inna ta ce a hankali, "Ba ƙaho ba ne. Haka malam ya koya muna."

"To in haka ya koya muku, ya koya muku kuskure. Babu wanga harafi a duniya. Hannunki ne ya zame, ko nashi."

Ban tsaya nan ba. Na shiga ɗaki na ɗauko jan biro, irin wanda malamanmu ke gyara mana shifta da shi. A gaban ƙawayenta, a gaban ƙanwar mijinta, na zagaye ƙugiyar da ja. Na ja layi a ƙarƙashin "shi", na ja a ƙarƙashin kowane "u". Har ƙidaya su na yi da Faransanci, kamar yadda ake yi mana. Na ce in aka kai wannan Maraɗi, inda manyan ma'aikata da Turawa za su gani, dariya za a yi mana, a ce ƙauyawa sun zo. Na ce "mana", amma kaina nake nufi. Tsoron da nake ji shi ne wata 'yar ajinmu ta ɗauki sabulun ta ce ai na uwar wance ne.

Wata daga cikin matan ta buɗe baki ta ce ita ma da ƙugiya aka koya mata. Gwaggo ta katse ta. "Ke rani biyu kika yi, ita shekara goma sha ɗaya. Wa za mu bi?" Inna ta karɓi takardar daga hannuna, ta dube ta, ta ninke ta biyu, ta sa a ƙarƙashin tabarmar da take zaune. Ta ce, "To ki rubuta muna na daidai." Daga nan ta tashi ta ce za ta duba wuta, alhali ba a ɗora komai ba.

Na rubuta. Na ja layi da fensir, na fito da wutsiyoyina duka, na yi wa babban S wani lanƙwaso da ya kusa cinye rabin takardar. Saboulou Madarounfa, ba chi karéwa. Har 'yar alamar nan ta Faransanci na ɗora wa "e". Matan suka yi ta yabo, suna cewa kamar inji ne ya buga. Ni na shiga mota na kai Maraɗi, na dawo da ƙunshin takardu farare tas, ina jin na fitar da gidanmu kunya.

Baje kolin ya zo ya wuce, an sayar da abin da aka sayar, babu Baturen da ya tsaya karanta komai. Takardu suka rage da yawa, aka ci gaba da naɗe sabulu da su. Hajiyar Ɗan Issa ta aiko cewa masu sayenta suna juya sabulun suna tambaya ko an sake mai yi ne, don ba su ga rubutun da suka sani ba. Na ce jahilci ne, za su saba.

Ranar wata kasuwa Gwaggo ba ta da lafiya, aka ce in zauna wa Inna a rumfa. Tana can baya tana jera kaya, ni ina gaba. Wani dattijo siriri ya tsaya da kekensa, da tabarau ɗaure da zare. Inna ta taso da sauri ta durƙusa ta gaishe shi, a nan na gane malamin nasu ne. Ya tambaye ta gida, ya ce an kwana biyu bai ga rubutunta ba. Ta ce aiki ne ya yi yawa. Ya ɗauki sabulu ɗaya, ya matso da shi kusa da ido, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Wa ya rubuta wanga?"

Na ce ni ce, ina jiran yabo.

"Hannu ya yi kyau, Allah shi yi albarka. Amma ɗiyata, daga mi ne ba shi karewa? Daga ƙazuwa ko daga ƙaiƙayi?"

Ban gane ba. Ya jingine keken, ya tsuguna, ya tsinci tsinke ya rubuta kalmomi biyu a ƙasa. Ya ce in karanta ta farko. Na ce kare. Ya ce madalla, mai haushi, ko kuma a kare mutum daga cuta. Ta biyun iri ɗaya ce da ta farko, sai dai kan harafin farko da ƙugiya. Ya ce, "Wagga kuma ƙare. Abu ya ƙare. Hwaɗi su ki ji, bakinki ya san bambancinsu tun kina goye." Na faɗa. Kare, ƙare. Na ji inda ɗayar ke fitowa da inda ɗayar ke tsayawa a maƙoshi. Duk rayuwata ina furta su, ban taɓa tunanin suna buƙatar haruffa biyu ba. Ya ciro wani ƙaramin littafi daga aljihu, bugun gwamnati, ya buɗe shafin farko. Ga ta nan a jere cikin haruffa, bugaggiya da inji, da 'yan'uwanta masu ƙugiya a kusa.

Ya ce, "Kin rubuta ma mutane cewa sabulunku ba shi kare su daga komi. Sa'arku ɗaya, masu karanta shi ba su da yawa." Ya yi 'yar dariya, ba da wulakanci ba. Sannan ya juya wajen Inna. "Ke da kika hi kowa iya wanga harafi a aji, ya anka yi kika bari?"

Inna ta ce, "Yara ne, malam. Sun hi mu sani."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban sake ji ba. Na rasa inda zan sa idona. Abin da ya fi ci mini rai, ba ta tona ni ba. Da ta ce masa ga abin da na yi mata da jan biro, da na samu abin da zan yi fushi a kai. Sai ta rufa mini asiri a gaban mutumin da ya san ita ce mai gaskiya. Ya sayi sabulunsa ya hau keke ya tafi. Muka wuni a rumfar nan, ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Ya kamata in ba ta haƙuri a ranar. Na san haka. Amma a gidanmu ba a saba 'yar fari ta zauna gaban uwa su yi magana irin wannan ba, kuma na fake da wannan al'adar saboda ta yi daidai da girman kaina. Sai na bi ta bayan gida. Na kwashe ragowar takardun na shiga ɗaki, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina ɗora wa K ƙugiya da biro. A kan rubutuna mai wutsiyoyi ƙugiyar ba ta zauna ba, ta zama kamar ƙuda ya sauka. Na mayar da su inda suke. Na tabbata ta gani, don ita ke naɗe sabulun, amma ta ci gaba da naɗinta.

Da takardun suka kusa ƙarewa, na samo buhun siminti da kaina, na yanka, na ajiye mata da sabon biro a kan faifai. Kwana uku suna nan. A na huɗu na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, mutanen Ɗan Issa naki rubutun suke so. Ki koma yi."

Tana tace toka, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Hannuna ya yi nauyi. Ki rubuta, ki sa ƙahon tunda an ce akwai shi."

Ta kira shi ƙaho, da kalmata. Na ɗauki faifan na koma ɗaki. Na gwada kwaikwayon hannunta, manyan haruffa a rarrabe, ina karkatar da su da gangan. Bai yi kama ba. Ita tana ƙoƙarin miƙe su ne suna karkacewa, ni kuwa ina karkatar da su ne suna miƙewa, kuma kowa ya duba zai gane. Haka dai aka buga shi, ya zama tambarin ƙungiya. Gwaggo da ta ji labarin malam ta yi mini tas, ta ce karatun da ba ya sa mutum ya san harshen uwarsa ba ta ga amfaninsa ba. Ta manta ita ta ce a bi ni, ni kuma ban isa in tuna mata ba.

Ana saura mako guda in koma Maraɗi aka ce ƙungiyar ta je ofishin gwamnati a yi mata takardar shaida. Aka tafi da ni don in fassara, tunda takardun da Faransanci suke. Matan suka sha sabon lulluɓi. Magatakardan saurayi ne mai haƙuri. Ya karanta, na fassara, sannan ya juyo da babban littafi ya ce kowace ta zo ta sa hannu, wadda ta iya rubutu ga biro, wadda ba ta iya ba ga tawadar dangwale.

Gwaggo ta fara, ta rubuta sunanta tana kiran kowane harafi da baki. Ta biyu ta yi, ta uku ta yi, harshe a waje, gumi a goshi. Ba wadda ta taɓa tawadar. Suna komawa benci suna taɓa juna suna dariya ƙasa-ƙasa. Wannan ne karo na farko da za su sa sunansu a takardar hukuma da hannunsu, rani biyu suna jiran irin wannan rana.

Aka zo kan Inna. Ta taso ta tsaya gaban tebur, ta ɗauki biron, ta riƙe shi daidai yadda ake riƙewa. Ina tsaye a gefenta, kafaɗata kusa da tata. Ta sunkuya ta kai bakin biron kan layi. Sai ta ɗan juyo ta dubi inda nake, ba fuskata ba, hannuna. Na matsa baya, na juya kai wajen taga don ta san ba kallonta nake ba. Amma na makara.

Ta ajiye biron. Ta ce wa magatakardan, "Miƙo min tawadar, ɗana."

Gwaggo ta ce daga benci, "Haba, ke da kika hi mu duka?" Inna ta miƙa wa magatakardan hannu. Ya buɗe mata kwalin tawadar, ta danna babban yatsanta a ciki, ta dangwala a gaban sunanta. Ya goge gefen da ya malala, ya ɗago ya tambaye ni da Faransanci ko mahaifiyata ce, ya ce in rubuta a kusa da dangwalen cewa ba ta iya sa hannu ba, don haka ƙa'ida take. Duk matan suna kallona. Na karɓi biron da ta ajiye, da sauran ɗumin hannunta a jikinsa, na rubuta.